Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Yadda Muka Tafa wa Sojojin Waje a Kadawa

Waɗanda suka san ni sun san cewa abin da na saba rubutawa shi ne labarin saurayi da budurwa, da rikicin kishiyoyi, da uwar miji mai saka ido. Karatuna kuma a sakandare ya tsaya. To amma akwai abin da ido ya gani, kunne kuma ya ji, wanda in ba a rubuta shi ba, 'ya'yanmu za su tashi su ɗauka cewa bai taɓa faruwa ba.

Abin da ya tayar mini da wannan zance shi ne harin da Amurka ta kai jihar Sakkwato a daren 25 ga Disamban 2025. Shugaba Donald Trump ne ya fara sanar da duniya a shafinsa na intanet, ya ce sun kai wa 'yan ISIS hari, gwamnatin Nijeriya kuma ta fito ta ce da saninta aka yi. Washegari teburin mai shayinmu a nan Kadawa ya rabu gida biyu. Wasu na cewa da ma haka ake so, wasu na cewa an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Ni dai na yi shiru ina kurɓar shayina, domin kuwa na taɓa zama a kan wannan benci sau biyu ina tafa wa sojojin wata ƙasa, a 2013 da kuma 2015. Labarin waɗannan tafi guda biyu nake so in ba ku.

Abin da ya sa muka so su

Wanda bai zauna a jihar Kano tsakanin 2012 da 2015 ba, zai yi saurin cewa ba mu da kishin ƙasa. Bari in tuna masa. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da la'asar, aka kai hare-hare kan ofisoshin 'yan sanda da na jami'an tsaro a birnin Kano, mutum aƙalla 185 suka rasu. Daga cikinsu har da ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, Enenche Akogwu, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. Aka sa dokar hana fita.

Mu nan Kadawa lokacin tsakiyar kakar tumatir ne. Ruwan Tiga yana gudu a kanal, gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam sun yi jawur, amma titin Zariya ya cika da shingayen bincike. Motar da ta ɗauki kwanduna a Kwanar Gafan sai ta shafe awanni a layi, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Ni kaina na yi makonni ban shiga Sabon Gari na karɓi kuɗin littattafaina a wajen dillalai ba, saboda mahaifiyata ta rantse ba zan taka birni ba.

Abu bai tsaya nan ba. Ranar 19 ga Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta, Allah Ya kuɓutar da shi, amma dogarawansa da direbansa suka rasu. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta hana acaɓa a birni. A watan Maris na wannan shekara bam ya tashi a tashar motoci ta Sabon Gari. Sai kuma ranar 28 ga Nuwamban 2014, aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari ana shirin tayar da salla, sama da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya. Wanda ruwa ya ci, in aka miƙa masa takobi ma kamawa zai yi. A irin wannan hali muke sauraron rediyo.

Tafi na farko: Mali, 2013

A Maris na 2012 sojoji suka kifar da Shugaba Amadou Toumani Touré a Bamako, arewacin Mali kuma ya faɗa hannun 'yan tawayen Abzinawa da ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi, irin su Ansar Dine ta Iyad Ag Ghaly da MUJAO. Suka kama Kidal da Gao da Timbuktu, har suka rushe ƙaburburan waliyyai. Da suka kama Konna ranar 10 ga Janairun 2013, shugaban riƙon ƙwarya Dioncounda Traoré ya nemi agajin Faransa. Washegari jiragen Faransa suka fara luguden wuta. Sunan aikin Serval.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Ana ta faɗa a lokacin cewa wasu daga cikin masu kashe mu a nan, can suke zuwa koyon yaƙi. Nijeriya ma ta tura dakaru, kuma ɗan ƙasarmu Manjo Janar Shehu Abdulƙadir ne aka ba jagorancin rundunar Afirka. A ranar da aka kai wa Sarki hari a Kano, a ranar ce kuma aka yi wa sojojinmu masu shirin tafiya Mali kwanton ɓauna kusa da Okene, aka kashe biyu, ƙungiyar Ansaru ta ce ita ce. Wannan ya ƙara tabbatar mana cewa yaƙin guda ne.

Kullum da takwas da rabi na dare muna kewaye da rediyon mai shayi muna jiran BBC, da safe mu kama RFI, wadda ta buɗe sashenta na Hausa a 2007, da rana Jamus, da yamma Muryar Amurka. Labari kuwa daɗi kamar littafi. An kama Gao ranar 26 ga Janairu, an shiga Timbuktu bayan kwana biyu. Ranar 2 ga Fabrairu Shugaba François Hollande ya sauka a Timbuktu, mata na guɗa, ana ɗaga tutar Faransa, har aka ba shi kyautar ɗan raƙumi. Daga baya rahotanni suka ce iyalin da aka bar wa ajiyar raƙumin sun yanka shi sun cinye, muka sha dariya a majalisa.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, cikin makonnin farko an hana 'yan jarida isa fagen daga. Sojojin Mali sun tare hanyoyi, hotunan da ke fitowa kuma galibi rundunar Faransa ce ke bayarwa. Wato abin da muke ji shi ne abin da mai jirgin ya ce jirginsa ya yi. Ga kuma misalin saurin baki: da aka shiga Timbuktu, labari ya zagaye duniya cewa an ƙone tsofaffin littattafan garin a Cibiyar Ahmed Baba. A matsayina na mai rubutu, abin ya taɓa ni ƙwarai. Sai daga baya ta bayyana cewa 'yan dubbai ne suka salwanta, mafi yawa kuwa mutanen garin sun riga sun fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da kwale-kwale, zuwa Bamako. Labarin ƙonawa ya zo a kanun labarai, labarin cetowa ya zo a hankali, kuma waɗanda suka yi ceton ba su da jirgin yaƙi ko ɗaya.

Tafi na biyu: Chadi da Nijar, 2015

Wannan karon a cikin gidanmu ne. Ranar 3 ga Janairun 2015 Boko Haram ta afka wa Baga, ta kori rundunar haɗin gwiwa daga sansaninta. Tun kafin nan Gwoza da Bama da Gamboru da Dikwa duk suna hannunta. Zaɓe kuma na ƙaratowa, har aka ɗage shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, aka ce saboda tsaro.

Sai ga Idriss Déby. A tsakiyar Janairu ya tura dakarunsa Kamaru, ranar 3 ga Fabrairu suka tsallaka gada daga Fotokol suka shiga Gamboru. A farkon Maris suka kama Dikwa. Nijar, wadda aka kai wa hari a Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu, majalisarta ta amince da tura sojoji, suka haɗu da na Chadi suka karɓi Damasak, daga baya Malam Fatori. Sojojin Nijeriya su ma suka yunƙura, suka ƙwato Baga da Bama, sannan Gwoza ranar 27 ga Maris, ana gobe zaɓe.

Wayyo, ku zo ku ga yadda Déby ya yi farin jini a Kadawa! Matasa na tura wa juna bidiyon sojojin Chadi da rawani a kan motocin a-kori-kura. 'Yan ci-ranin da suke zuwa mana aikin gona daga Damagaram da Maraɗi suka sami bakin magana. Ɗaya daga cikinsu, muna tsinkar tumatir, ya dube ni ya ce, “Malam, yau dai ƙane ne ya zo ya raba yaya da kura.” Na ji kunya, amma na yi dariya, domin gaskiya ya faɗa. Ni ma har na fara tsara wani labari a raina, jarumin sojan Chadi ne da zai ceto wata budurwa 'yar Gamboru. Allah Ya taimake ni ban rubuta ba.

Yaƙin baki kuma ya fi na bindiga ƙara. Kakakin sojan Chadi zai ce sun kama gari kaza, kakakin namu ya ce ai mu ne muka kama, ko kuma ya ce ba wani sojan waje da ke yaƙi a ƙasarmu sai a bakin iyaka. Déby ya fito ya yi ƙorafin cewa suna ƙwato garuruwa amma ba a zuwa a karɓa a tsare. Sannan jaridun waje suka bankaɗo cewa akwai sojojin haya daga Afirka ta Kudu a fagen daga, gwamnati ta ce masu ba da horo ne kawai. Mu masu sauraro, kowa ya zaɓi wanda zai gaskata gwargwadon jam'iyyar da zai jefa wa ƙuri'a.

Abin da ya wuce ta gefen kunnenmu

Ba zan yi wa 'yan jarida ƙarya ba, sun faɗi wasu abubuwan, mu ne ba mu tsaya mun ji ba. Washegarin shiga Gamboru, mayaƙan da aka kora suka juya kan Fotokol suka kashe gomman mutane, har da waɗanda ke masallaci. A tsakiyar Fabrairu wani jirgin yaƙi ya jefa bam kan masu zaman makoki a Abadam, ɓangaren Nijar, sama da mutum 30 suka mutu, kuma babu ƙasar da ta ce jirginta ne. An faɗa kwana ɗaya ko biyu, aka wuce. A majalisarmu ba na tuna wanda ya ɗaga zancen.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Damasak. Duk duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, har matar shugaban Amurka ta ɗaga allo dominsu, kuma sun cancanci haka. Amma a Damasak, tun Nuwamban 2014 aka tsare ɗaruruwan mata da yara, da mayaƙan za su gudu a Maris na 2015 suka tafi da su. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a cikinsu akwai 'yan firamare aƙalla 300. Sai a 2016 rahotonta ya fito. A ranar da muke tafa wa kama Damasak, iyayen waɗannan yara kuka suke yi. Da dakarun waje suka janye kuma, garin ya sake komawa hannun waɗanda aka kora, sai a 2016 aka sake karɓo shi.

A watan Agustan 2015 Déby ya shaida wa manema labarai cewa an sare kan Boko Haram, wai Shekau ba shi ne shugaba ba yanzu, kuma yaƙi zai ƙare kafin ƙarshen shekara. Bayan 'yan kwanaki muryar Shekau ta fito tana ƙaryata shi. Mu kuwa amsar ta same mu har ƙofar gida. Ranar Juma'a 27 ga Nuwamban 2015, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin 'yan Shi'a masu tattaki daga Kano zuwa Zariya, a Dakasoye, nan cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, a kan titin da muke bi kullum. Sama da mutum 20 suka rasu, Boko Haram ta ce ita ta yi. Ranar ban kunna rediyo ba. Me za ta gaya mini wanda ban ji daga bakin direbobin garinmu ba? Déby ya rasu a fagen daga a Afrilun 2021, yana yaƙi da 'yan tawayen ƙasarsa. Shekau ya bi bayansa a watan Mayu, kuma ba sojan wata ƙasa ne ya kawo ƙarshensa ba, rikicinsa ne da ɓangaren ISWAP a dajin Sambisa.

Darasin Kawu

Ina da wani kawu, ƙanen mahaifina, tsohon malamin firamare, Allah Ya jiƙansa. Shi kaɗai ne bai tafa ba a duk lokutan nan biyu. Ranar da aka ce Chadi ta kama Dikwa, na je gaishe shi ina zumuɗi. Ya ce, “Ɗana, ka san wa ya taɓa zama a Dikwa?” Na ce, “A'a, Kawu.” Ya ce, “Rabe.”

Ya ba ni labari, daga baya kuma na karanta na tabbatar. Rabe ya ci Borno a 1893, ya rushe Kukawa, ya mai da Dikwa hedikwatarsa, ya gallaza wa mutane. 'Ya'yan gidan Shehu suka rasa yadda za su yi da shi, sai ga Faransawa. Umar Sanda Kura ya haɗa kai da su, aka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900. Kwamandan Faransa, Lamy, shi ma a nan ya mutu, shi ya sa aka sa wa garin da ke tsallaken kogi suna Fort-Lamy, wanda yau ake kira N'Djamena. Faransawa suka amince da Sanda Kura a matsayin Shehu, sannan suka ɗora masa kuɗin aikin da suka yi. Da ya kasa cika musu, cikin 'yan watanni suka tuɓe shi suka naɗa ɗan'uwansa Garbai. Ba a jima ba aka yanka ƙasar Borno tsakanin Faransa da Ingila da Jamus.

Kawu ya ce, “Mutanen Borno ba su yi laifi ba da suka yi murnar mutuwar Rabe. Ko ni ne zan yi. Amma wanda ya zo ya kashe maka maciji a ɗaka, ka tambaye shi tun a bakin ƙofa nawa ne ladansa, kuma yaushe zai fita.” Ya ƙara da tuna mini cewa rundunar Kanar Morland da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, ta nan maƙwabtanmu Bebeji ta biyo daga Zariya, ta fasa ƙofar garin da igwa, kuma su ma abin da suka gaya wa jaridun ƙasarsu shi ne sun zo hana bauta da zalunci.

Littafi na biyu

Mu marubutan kasuwa muna da wata dabara. Mukan yanke labari a daidai inda ya fi daɗi, mu ce a nemi littafi na biyu. Bambancinmu da labarin yaƙi shi ne, mu muna fitar da na biyun. Ga na Mali: Serval ta koma Barkhane a 2014, aka shekara takwas ana abu ɗaya, tashin hankalin ya bazu zuwa tsakiyar Mali da Burkina Faso da yammacin Nijar. Ranar 3 ga Janairun 2021 jirgin Faransa ya kai hari a ƙauyen Bounti. Faransa ta ce 'yan ta'adda ta kashe, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, kuma fararen hula 19 ne suka mutu. A Maris na 2022 gwamnatin sojan Mali ta rufe RFI da France 24, a Agusta sojan Faransa na ƙarshe ya fice, mutanen da suka ɗaga tutarta a 2013 suna ɗaga ta Rasha. A Nijar ma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka dakatar da waɗannan kafofi biyu, Faransawa suka fita a Disamba, Amurkawa suka bar sansaninsu na Agadas a 2024. Kashe-kashen dai bai tafi tare da su ba, kuma da aka toshe rediyoyin sai jin labarin ya ƙara wuya.

Kada a ɗauka ina zagin 'yan jarida. Ma'aikatan RFI biyu, Ghislaine Dupont da Claude Verlon, a Kidal aka kashe su ranar 2 ga Nuwamban 2013 suna neman labari. Wakilan sassan Hausa da suka riƙa aiko da rahoto daga Maiduguri da Diffa, da ransu suka yi caca. Kuma ba jirgin baƙo kaɗai ke kuskure ba, namu ma ya yi a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023. Matsalar ita ce labarin shigowar sojoji yana da ganga, labarin abin da ya biyo baya kuwa ba shi da ita, mu masu sauraro kuma ganga muke bi.

Inda na tsaya

Har gobe ban yi nadamar murnar da na yi ranar da aka kori masu yanka mutane daga Gamboru da Timbuktu ba. Wanda yake zaune lafiya a ɗakinsa ba shi da bakin da zai ce wa mutumin Baga kada ya karɓi taimako. Sojojin Chadi da Nijar da suka mutu a wannan yaƙi 'ya'yan wasu ne, kuma muna da bashinsu a wuyanmu. Nadamata ita ce na tafa ban yi tambaya ba, kuma na kashe rediyo tun labari bai ƙare ba.

Duk manomin rani a Kadawa ya san injin ban-ruwa na aro. Yana ceton shuka ranar da kanal ta ƙafe, amma mai shi yana zuwa ya ɗauke abinsa ranar da tasa gonar ta buƙata, ko da kuwa taka tana tsakiyar fure. Chadi ta kwashe dakarunta 1,200 daga Borno a Janairun 2020, mutanen garuruwan da suke tsarewa suka kama hanyar Maiduguri. Nijar ta sanar da ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a Maris na 2025.

Shi ya sa da aka matsa mini a teburin mai shayi in faɗi ra'ayina kan harin Sakkwato, sai na ce su bari mu ji daga bakin mutanen wurin tukuna. Kuma an ji: mutanen Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal sun shaida wa 'yan jarida cewa wani abu ya faɗo a gona kusa da garinsu, ya firgita su, alhali su ba su san da sansanin 'yan ta'adda a yankinsu ba. Tambayoyina yanzu huɗu ne ga duk wanda ya zo da jirgi, baƙo ne ko ɗan gida. Wa ya gayyace ka, kuma a kan wane sharaɗi? Wa ka kashe, kuma wa ya je ya ƙirga ban da kai? Wa zai tsare garin bayan ka tafi? Sannan wane ɗan jarida ne zai koma can bayan shekara guda ya gaya mana yadda ake ciki?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, daga Kano har Timbuktu, Ya mayar da waɗanda aka sace ga iyayensu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wanda ya ga gyara a cikin abin da na kawo, ƙofa a buɗe take. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.